Fuskar Mudi

Ban taɓa ganin Baba yana ɗokin tafiya ba sai ranar Asabar ɗin nan ta dogon hutu. Mun isa Madadi da sanyin safiya, ni da mijina Mahbub, cikin motar da ya aro wajen yayansa, muka tarar da Baba tsaye a ƙofar gida cikin farar shaddarsa ta Sallah, har ya sha turare. Malam Nata'ala ke nan, mutumin da ko ɗaurin aure ne sai an yi ta aike kafin ya tashi daga gaban ɗalibansa, yau ga shi yana leƙen hanya kamar ɗan makaranta.

Hoto ne ya jawo tafiyar.

Mahaifin Baba, Mudi, ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. Damina ɗaya ya yi da amaryarsa Uwaliya, wato kakata da muke ce wa Inna. Ana yankan gero ya tafi, ya bar ta da ƙaramin ciki, bai kuma dawo ba. Wani mutumin Lakwaya da suka tafi tare shi ya kawo labarin rasuwarsa, shi ma ya daɗe da bin sahu. Babu gawa, babu kabari, babu ko hoto. Baba kuwa ya kwaso kamannin Inna tas, hanci da goshi da komai, don haka ko madubi bai taɓa ba shi labarin ubansa ba. Ga shi yau furfura ta cinye masa gemu, bai san fuskar mahaifinsa ba.

Mahbub malamin tarihi ne a wata sakandare a Kabo, inda muke zaune tun bayan bikinmu. Gab da a ba da hutu ya kai ɗalibansa ziyara wani ɗan gidan tarihi da ke cikin wani barikin soja a birni, inda ake adana kayan tsofaffin sojoji da hotunansu. Ranar ya dawo min ko takalmi bai tsaya cirewa da kyau ba. Ya ce ya ga wani babban hoto a bango, samari cikin kaki, an rubuta a ƙasa cewa sababbin sojoji ne daga ƙasar Gwarzo kafin a tura su fagen daga, shekarar kuma ita ce shekarar da kakana ya tafi. Ba a sa sunan kowa ba. Kuma ba a shiga da waya, tun a bakin ƙofa ake karɓewa, balle ya ɗauko mana.

"In yana cikinsu, mutum ɗaya ne ya rage a duniya da zai nuna shi," in ji Mahbub, idonsa yana ƙyalli. Na so shi a ranar fiye da ranar da aka kai ni gidansa. Ban dai gaya masa ba, don kada kansa ya kumbura.

Da muka shiga cikin gida muka sami Inna ba ta shirya ba. Ta ɗaura kallabi ta kwance, ta sake ɗaurawa, ta ce wannan mayafin ya cika haske, wancan kuma na gidan makoki ne.

"Inna, rana tana yi fa," na ce.

"Ranar ta ubanki ce? Bar ni in kimtsa."

Mahbub ya durƙusa daga bakin ƙofa. "Inna, ina kwana? An tashi lafiya? Ya damina? Ya ƙafar?"

"Lafiya lau, angona. Ya mutanen Masanawa? Ya Hajiyarka da jiki? Matso in gan ka. Kai, ka rame. Wannan yarinyar ba ta iya tuwo ba, sai taliyar leda. Na ce ka dawo nan in riƙe ka, ka ƙi."

"Ai yau ɗaukar ki na zo yi gaba ɗaya. Ita a hanya za mu sauke ta."

"A Kabo za mu ajiye ta, ta yi mana gadin gida."

Na ce su yi ta yi, ai ni aka biya wa sadaki. Inna ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba.

Inna ba ta taɓa faɗin sunan kakana ba, "kakanki" take cewa. Bayan shi ta yi wani auren, ta haifi su Gwaggo, shi ma wannan mijin ya rasu tun ina firamare, kuma labarinsa ba ya ƙarewa a bakinta. Na kakana kuwa sai ka yi da gaske kafin ka ji jimla biyu. Baba ma, da yake ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma cika yi masa magana kai tsaye ba. Ko tabarma ɗaya suke zaune sai ta juyo gare ni ta ce, "Tambayi ubanki ko ya ci abinci."

Baba ya zauna gaba, mu muka shiga baya. Wanda bai ga Mahbub yana tuƙa surukinsa ba bai ga ladabi ba. Hannu biyu a sitiyari, rediyo a kashe, ko rami zai kauce wa sai ka ga kamar zai nemi izini. Mutumin da yake cika min kunne da waƙa daga Kabo har Masanawa, yau ko tari ya kasa. Na riƙa kallon ƙeyarsa ina danne dariya, shi kuma ya ƙi yarda idonmu ya haɗu a madubi.

A cikin Gwarzo Inna ta ce a tsaya.

"Lafiya, Inna?"

"Goro zan saya. Ba a zuwa wurin mutane hannu rabbana."

"Inna, hotuna ne fa."

"Hotunan su kaɗai suke zaune? Babu masu share musu ɗaki?"

Aka tsaya, ta zaɓi goro fari da ja, aka ƙunsa mata a ganye. Muka kama hanya. Damina ta yi kyau bana, gero ya fid da kai, dawa ta rufe gonaki har bakin kwalta, kore ko'ina kamar an shimfiɗa sabuwar atamfa. Muka wuce Kabo, Mahbub ya yi ƙarfin hali ya ce, "Inna, ga wurin saukar 'yar gadinmu," amma Inna ta kau da kai tana kallon gonaki ta taga. Na kama hannunta na ji shi da sanyi, ta bar min shi har muka shiga birni.

A ƙofar bariki aka karɓi wayoyinmu, aka haɗa mu da wata soja mace, doguwa mai fara'a, ta ce sunanta Kofur Furera, ita take zagayawa da baƙi. Ta rusuna ta gaida Baba da Inna da Hausa tsantsa, har Inna ta tambaye ta 'yar wane gari ce, da ko iyayenta sun san irin aikin da take yi. A farfajiyar gidan tarihin akwai wata tsohuwar tankar yaƙi da aka sake wa fenti, da wata igwa da tsuntsaye suka mayar wurin hutawa. Mutane suna fitowa daga ciki a nutse, ba mai ɗaga murya. Wani dattijo mai sanda ya tsaya a bakin ƙofa ya shafa addu'a kafin ya sauko.

"Nan ne muke tunawa da mazan jiya," in ji Kofur Furera, "waɗanda suka dawo da waɗanda suka kwanta dama a can. Bismillah, ku shigo."

Inna ta ja ta tsaya a kan matakala.

"'Yata, waɗanda ke ciki, duk sun rasu?"

"Yawancinsu, Hajiya. Allah ya ji ƙansu."

"Amin. To ni iyakata nan. Mace ba ta shiga maƙabarta."

Na ɗauka wasa take yi, har na fara dariya. Da na ga fuskarta sai dariyar ta maƙale.

Baba ya matso, ya sassauta murya. "Inna, babu kabari a ciki. Hotuna ne da kaya kawai. Ko a littafi babu abin da ya hana."

Inna ta dube ni. "Gaya wa ubanki karatunsa bai zo nan ba. Wurin da aka tara matattu, ake shiga ana rage murya, ake fitowa ana shafa fatiha, mene ne sunansa? Uwata ma da ta rasu ban bi ta can ba."

"Hajiya, ai ni ma mace ce," in ji Kofur Furera tana murmushi, "kullum a ciki nake wuni."

"Ke da wando da wannan ƙaton takalmin? Ke soja ce, 'yata, hukuncinki daban."

Mahbub ya gwada nasa. Ya ce shi ango guda ya aro mota, ya sha man fetur, ya yi tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, a ce amarya ta ƙi shiga ɗaki? Inna ko kallonsa ba ta yi ba. Ta sauko daga matakalar, ta nufi wani benci da ke gindin darbejiya ta zauna, ta ɗora ƙunshin goron a cinya.

Baba ya daɗe tsaye. Sannan ya ce wa Mahbub, "Mu je ka nuna min." Suka shiga su biyu, Kofur Furera ta bi su.

Na zauna kusa da Inna, raina a ɓace. Iska tana kaɗo mana ƙananan ganye a kan mayafi.

Ba su jima sosai ba suka fito. Baba ya zo har inda muke, bai dubi kowa ba, ya ce, "Na duba su duka. Wanda duk na kalla sai in ga kamar shi ne." Ya juya ya koma can ƙarshen matakala ya zauna, shaddar Sallah a kan siminti, ya cire hula ya riƙe a hannu. Tun da nake ban taɓa ganin kan Baba babu hula a waje ba. Mahbub ya rasa inda zai sa kansa, ya tafi ya tsaya yana karanta bayanin tankar nan da ya riga ya haddace.

Hawaye suka zo min. "Inna, don girman Allah. Dubi Baba."

"Ina ganinsa."

"To me ya sa? Kin fi kowa sanin nan ba maƙabarta ba ce. Ke da kika je asibiti kika kwana kusa da ɗakin ajiye gawa kina ba mu labari kina dariya."

Ta shiga murza ganyen goron da yatsa. Da ta buɗe baki, muryar ta yi ƙasa har sai da na matsa.

"Badi'a, ban san fuskarsa ba."

Na dube ta.

"Kada ki zaro min ido. Ku yanzu kuna zaune da miji kuna kallon tsakiyar idonsa, kuna manna kai a waya kuna washe baki. A zamaninmu wa ya isa? Da yake zuwa zance, bayan magariba yake zuwa, ni kaina a ƙasa ina wasa da bakin zane. Ƙawata Indo ce take kallonsa, in mun koma ta ba ni labari. Ni muryarsa na so. Da Baffana ya tambaye ni cikin masu zuwa wa nake so, na ce mai muryar nan."

"Da aka kai ki fa?"

"Da aka kai ni sai abin ya ƙaru. Gidan cike da iyayensa da yayyensa. Ya fita gona tun duhu, ya dawo da duhu. In na kawo ruwa in durƙusa, kaina a ƙasa. In yana magana ina kallon tabarma. Wani lokaci yana cewa, ke wai ba za ki dube ni ba, ko dodo ne ni? Sai in rufe fuska in gudu." Ta ɗan yi murmushi. "Na yi ta ce wa raina, bari in haihu, kunya ta ragu, in zauna in kalle shi son raina. Ai lokaci yana nan. Ranar da zai tafi na laɓe a bayan danga, na ce yau kam sai na gani. Ko da na leƙa ya riga ya juya. Ƙeyarsa kam na gan ta da kyau."

Na tuna ɗaruruwan hotunan Mahbub da ke cikin wayata, yana barci, yana cin rake, yana hararata. Na tuna ko ɗazu ƙeyarsa nake kallo ina dariya, don na san zai juyo.

"Na san ƙafarsa," in ji Inna. "Na san takunsa in ya shigo zaure. Na san tarinsa. To hoto yana tari? Angona kuma ya ce duk takalmin soja ne a ƙafarsu. In na shiga na nuna ɗan wasu na ce wa ubanki ga ubanka, na cuce shi, na cuci mamacin. In kuma na tsaya a gabansa na ce ban gane ba, da wane ido zai dube ni? Tun yana yaro yake tambayata kamanninsa, ina ce masa dogo ne, kyakkyawa. Maganar Indo ce nake ba shi."

Ta goge gefen idonta da bakin mayafi. Na kwantar da kaina a kafaɗarta, ƙamshin turaren wutarta ya cika min hanci, na yi kukana a hankali don kada Baba ya ji.

Can na ce, "Inna, to ki shiga ki kalle su duka."

"Me na gama gaya miki?"

"Na ji. Ba sai kin nuna kowa ba. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki kalli kowa da kyau. In yana cikinsu, ko ba ki gane shi ba, kin dai kalle shi. Kin cika abin da kika ce za ki yi."

Ta juyo ta ƙare min kallo. "Wannan wayon a littattafan nan naki kika samo shi?"

"A wurinki na gada."

"Ƙarya kike, ni ba ni da wayo." Ta dubi Baba can a kan matakala, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta miƙo min hannu. "Tashe ni. In ban gane ba, ki ce idona ne ya yi hazo. Kin ji ko?"

"Na ji."

Da muka zo wucewa Baba ya miƙe da sauri yana mai da hula. Inna ta ce min, "Gaya wa ubanki ya jira a nan tukuna." A bakin ƙofa ta danƙa wa Kofur Furera ƙunshin goron, ta ce a raba wa masu shara. Ta tuɓe takalmanta duk da an ce ba sai ta cire ba, ta yi sallama da ƙarfi kamar mai shiga gidan mutane, muka shiga.

Ɗakin dogo ne, mai sanyi, yana warin tsohon ƙarfe da man goge katako. Akwatunan gilashi a jere, cikinsu hulunan kwano, da gorunan ruwa da suka lotse, da lambobin yabo da zarensu ya koɗe. Na ga wata riga da aka yi wa faci a kafaɗa da baƙin zare, ɗinkin hannu, na ce a raina ko wa ya zauna ya yi wannan facin, ko a ina. Na ga cokali, na ga carbi, na ga ƙaramin madubi da ya tsage. Kayan samari ne, irin waɗanda ake mantawa a aljihu. Mahbub ya biyo mu daga nesa, ya nuna mana bangon ƙarshe.

An faɗaɗa hoton sosai, ya kusa kai faɗin ƙofa, an kafa shi ƙasa-ƙasa. Samarin ba su kai ashirin ba. Na baya suna tsaye, na gaba sun tsuguna, hannuwa a kan gwiwa. Kakin ya yi wa wasunsu yawa. Kowa ya ɗaure fuska iya ƙarfinsa.

Inna ta tsaya a gabansu. Ta fara daga dama, ta kalli na farko, ta daɗe, ta matsa ga na biyu. Ban taɓa ganin ta kalli namiji haka ba. Tana yi leɓenta yana motsi. Ni kuma ina roƙon Allah cikin raina da duk sunansa da na sani. Ta gama layin baya, ta bi na gaba, ta kai ƙarshe. Ta sake dawowa daga farko.

Sannan ta girgiza kai.

"Duk 'ya'yan mutane ne," ta ce a hankali. "Allah sarki. Kama ni in gaishe su, mu tafi."

Na riƙe ta ta durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, yadda matan zamanin da suke gaida maza, ta sunkuyar da kai.

"Sannunku da aiki," ta ce. "Sannunku da hanya. Allah ya ji ƙanku, ya sa kun huta, ya ba iyayenku..."

Ta tsaya.

Na jira ta ƙarasa, ba ta ƙarasa ba. Yanzu da take durƙushe, idonta ya zo daidai gwiwoyin 'yan layin gaba. Na ji yatsunta sun nutse a damtsena.

"Badi'a. Wancan hannun."

Na tsuguna na bi inda take kallo. Na kusa da ƙarshe ne, ta hagu. Ya dafa gwiwarsa da hannun dama, yatsu huɗu sun kwanta, ƙaramin kuwa ya miƙe shi kaɗai, ya ware gefe.

"Lauje ne ya yanke masa jijiya yana yaro," in ji Inna. "Ba ya lanƙwasuwa. In na miƙa masa ruwa, huɗun nan ne suke kama ƙwaryar, wannan yana tsaye can kamar an yi masa laifi. Kullum in ina durƙushe shi nake kallo. Har dariya yake ba ni, in cije leɓe." Ta kai hannu kamar za ta taɓa, ta tsaya kafin ta kai. "Shi ne. Wallahi shi ne."

"Inna, ɗaga kanki."

"Bari tukuna."

Ta saki hannuna. Ta gyara zaman kallabinta, ta ja mayafi ta daidaita shi a kafaɗa, ta shafa fuskarta da tafin hannu biyu. Tsohuwa mai jikoki da tattaɓa-kunne, a gaban hoto, tana kimtsawa. Sannan ta fara ɗaga ido a hankali, daga hannun zuwa aljihun rigar, zuwa wuya, zuwa haɓa.

Ɗazu ta kalli wannan fuskar ta wuce, har sau biyu. Yanzu ta tsaya.

Siriri ne, mai dogon wuya. Ya so ya ɗaure fuska irin na sauran, amma gefen bakinsa ya ƙi ba shi haɗin kai, kamar wanda wani ya faɗa wa abin dariya ana gab da ɗauka. Hular ta yi masa yawa, kunnuwansa ne suka tare ta.

Kofur Furera ta ja da baya har jikin bango.

"Ashe yaro ne," in ji Inna.

Hawaye suna bin kumatunta, ba ta share ba.

"Ashe yaro ne ƙarami. Ko angona ya girme shi. Ni duk shekarun nan ina jin nauyinsa kamar wani dattijo." Sai kuma dariya ta kufce mata a cikin kukan. "Ji kunnuwa. Indo ta ce min kyakkyawa ne, ba ta gaya min kunnuwan ba. Allah ya ji ƙanki Indo, kin iya rufa asiri."

Ban san lokacin da na kai hannu na taɓa nawa kunnuwan ba, waɗanda tun ina sakandare nake tura su cikin ɗankwali. Na waiga na ga Mahbub yana kallona, idonsa jawur, bakinsa kuma yana so ya yi abin da na san zai yi. Ya matso ya raɗa min, "Yanzu na san inda aka samo su." Na taka masa ƙafa.

"Badi'a," in ji Inna, ba ta ɗauke ido daga hoton ba, "ce wa ubanki ya shigo ya gaida ubansa."

Ban kai ƙofa ba na tarar da shi a tsaye a bakinta. Ya taho a hankali, ya tsuguna gefen Inna, ya bar ɗan tazara. Inna ta miƙa yatsa ta nuna hannun, sannan ta ɗaga yatsan zuwa fuskar.

Baba ya kalla. Dattijo mai furfura yana kallon saurayin da bai kai rabin shekarunsa ba. Can ya ce, "Assalamu alaikum, Baba," muryar ta karye a tsakiya, ya sa hannun riga ya rufe fuska.

Nan take Mahbub ya juya mana baya ya duƙufa kan wata tsohuwar wayar sojoji ta oba-oba da ke cikin gilashi, yana duban ta kamar za a yi masa jarrabawa a kanta. Ba zai taɓa yarda a ce ya ga surukinsa yana kuka ba. Amma ina ganin kafaɗunsa.

Baba ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa, har da Kofur Furera. Ta tambayi sunan, Baba ya faɗa mata, ya ƙara da sunan garinmu, ta ce za ta kai maganar gaba ko za a yarda a rubuta a ƙasan hoton. Da aka ambaci sunan Inna ta sunkuyar da kai, kamar yadda ta saba.

Na ce, "Inna, gwiwarki za ta yi ciwo. Tashi mu zagaya, akwai sauran ɗakuna."

"Ku je ku ga bindigoginku. Ni a samo min kujera."

Kofur Furera ta fita da sauri ta dawo da farar kujerar roba. Muka ɗaga Inna muka zaunar da ita. Ta gwada zaman, ta karkata kai, ta ga bai yi mata ba.

"Matso da ita gaba kaɗan, 'yata," ta ce. "Idona ba irin na da ba ne, kuma ban gama ba."